Maiƙon Shekara 11 a Jikin Firam ɗin Ƙofa: Yadda Aka Yi da Shi a Wani Shago a Fagge

Asalin lamarin

A unguwar Fagge ta birnin Kano akwai wani gida mai shago ɗaya da ke fuskantar titi, wanda wata mata ta kama haya ta yi shekara 11 tana tuyar ƙosai da safe, da yamma kuma awara da doya. Murhunta yana bakin ƙofa daga ciki, ta hannun hagu idan mutum zai shiga, domin shagon ba shi da taga sai wata 'yar kafa kusa da rufi, saboda haka ta ƙofar hayaƙi da tururin mai suke fita. Yawancin tuyarta da man gyaɗa take yi, idan ya yi tsada ta koma kan man waken suya. A ƙarshen watan Disamba ta bar shagon, mai gidan kuma, wani dattijo da ya daina fita kasuwa, ya yi alkawarin ba wani tela wurin a farkon Fabrairu. Telan ya zo ya duba, ya ce komai ya yi masa sai ƙofar, domin muddin farar shaddar wani ta gogi wannan firam ɗin, to shi ne zai biya.

Firam ɗin na katakon madaci ne, tsawonsa ƙafa 7, faɗinsa ƙafa 3, an kafa shi tun lokacin ginin gidan da ƙarafa da aka binne cikin bango, bangon kuwa tubalin ƙasa ne da aka shafe da siminti. Kafintan da aka kira ya ce idan aka ce sai an cire shi, to bangon zai fashe kamar taƙi ɗaya ta kowane gefe, sannan samun busasshen madaci mai wannan kaurin a yanzu ba ƙaramin aiki ba ne. Da wannan aka tsayar da shawarar a tsabtace shi a inda yake. Aka ɗora aikin a kan ɗan ƙanin mai gidan, wani matashi da ke jiran sakamakon jarrabawa, tare da wani mai fenti na unguwar.

Yadda aka sami firam ɗin

An yi wa katakon fentin mai shuɗi aƙalla sau biyu a baya, amma shuɗin ba ya fitowa sai daga ƙasa, wajen ƙafa biyu daga dokin ƙofa. Daga nan zuwa sama launin yana rikiɗa daga ruwan zuma zuwa baƙi ƙirin, kuma ya fi kauri a katakon sama da kusurwar hagu, inda tururin ke taruwa kafin ya fita. Da aka soka bakin wuƙa a kusurwar, aka ga kaurin ya kai kamar milimita 2. Samansa yana da danƙo, ya kama ƙurar hunturu da gashin tsintsiya da fukafukan ƙwari, tsakiyarsa kamar roba, idan an ja ya miƙe kafin ya tsinke, ƙasansa kuwa ya ƙeƙashe ya manne da fentin har ba a gane inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara.

A gefen dama, inda ƙarafan da ke riƙe ƙyauren suke, akwai wani baƙin dabam. Shekara da shekaru duk lokacin da ƙofar ta fara kuka sai a samo giris ko baƙin mai wurin makanikin da ke maƙwabtaka a laƙa mata, ya zubo ya yi dogayen layuka a jikin katakon, ƙura ta hau. A ido babu bambanci tsakanin baƙin hagu da na dama, kuma babu wanda ya kula da wani bambanci a lokacin.

4 zuwa 10 ga Janairu: omo, ruwan zafi da fenti

Ranar Asabar, 4 ga Janairu, matashin ya wanke firam ɗin da ruwan zafi da omo da soson ƙarfe, ya yi kusan awa uku yana dirza. Ruwan ya fito baƙi, ƙurar saman ta tafi, sosunan biyu suka cushe aka zubar, amma abin da ke ƙasa ko gezau. Ya gwada sanfefa, ita ma kafin ya goga sau goma ta toshe da danƙo. Mai fentin ya duba ya ce hakan ma ya isa, fentin mai yana rufe komai. Ranar Litinin, 6 ga wata, ya shafa farin fenti a gefen hagu daga sama zuwa tsakiya, a kan zai dawo washegari ya ƙarasa.

Fentin mai yakan bushe a taɓa shi cikin yini ɗaya, balle a iskar hunturu. Wannan kuwa har ranar Juma'a, 10 ga wata, idan aka ɗora yatsa sai ya fito da shaida. Farin ya koma ruwan ƙwai, ya tattare kamar fatar madarar da aka tafasa ta huce, a wasu wuraren ma ya zame ƙasa. Yanzu hawa huɗu ke nan ake da su a gefen hagu maimakon uku.

11 ga Janairu: fetur

Makanikin maƙwabta ya ba da shawarar fetur, tunda da shi yake wanke hannunsa da kayan inji. Matashin ya sayo rabin lita, ya jiƙa tsumma ya fara da gefen hagu da misalin ƙarfe tara na safe. Ɗanyen fentin ya narke nan take, saman maiƙon ma ya ɗan saki, amma kafin ya juya tsumman fetur ɗin ya bi iska, abin da ya narke ya sake daskarewa a wani wurin, ya bar zane-zane masu launin ƙasa har kan shuɗin fentin da a da yake da tsabta. Wani ɓangaren kuma ya gangara cikin tsagar da ke haɗin katakon sama da na tsaye.

Cikin minti 20 warin ya cika shagon, kan matashin ya fara sarawa. A daidai lokacin mai gidan ya fito daga zaure, ya dubi kwanon fetur a ƙasa, ya dubi mai shayin da wutarsa ke ci bai fi taku biyar daga ƙofar ba, ya ce: "Kai yaro, ɗauke wannan kwanon ka fita da shi bayan gida yanzu." Matashin ya ce: "Kawu, ai wutar tana waje." Dattijon bai tsaya jayayya ba, ya sa aka buɗe ƙofar gaba ɗaya, aka roƙi mai shayin ya kashe wutarsa na ɗan lokaci. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi yana malala kamar ruwa, kuma yana kama wuta ko da sanyi ya kai digiri 40 ƙasa da sifili, don haka taku biyar ba tazara ba ce. Daga ranar aka hana shigo da fetur, aka kuma ƙayyade lokacin aiki daga hantsi zuwa la'asar, lokacin da mai shayin ba ya nan.

13 da 14 ga Janairu: tina da soda

Daga nan mai gidan ya kafa sharaɗi cewa duk abin da za a gwada, a fara gwada shi a wuri mai faɗin tafin hannu, a jira a gani. Ranar Litinin mai fentin ya kawo tina, wato ruwan sirka fenti, irin wadda masu fentin mota ke aiki da ita, aka shafa a tsakiyar gefen hagu. Cikin minti biyu maiƙon da tsohon fentin duka suka kumbura suka haɗe suka zama wani abu kamar ƙaro, ana ɗaga shi yana bushewa a jikin wuƙa. Ta cire, amma ta cire har da abin da ba a so ta taɓa, kuma saurin bushewarta bai bar damar kwashewa da kyau ba. Warinta ma ya fi na fetur hawa kai.

Washegari wata ƙanwar mai gidan da ke sana'ar haɗa sabulu ta ji labari, ta ce ai babu man da ke gagarar soda. Ta zo da kanta ta haɗa, cokali biyu na cin abinci a lita ɗaya ta ruwa, tana zuba sodar cikin ruwan kaɗan-kaɗan, ba ruwan cikin sodar ba, domin haɗin yana ɗaukar zafi yana iya fantsama. Aka shafa da tsohon buroshi a wani wurin gwajin a kusurwar hagu ta sama. Bayan minti 15 wurin ya koma ruwa-ruwa mai launin shayi, aka goge sai ga katako tsirara, babu maiƙo babu fenti. Murna ba ta daɗe ba, domin da wurin ya bushe sai jan madacin ya koma baƙi-baƙi, fuskarsa ta yi gashi-gashi, ɗigon da ya sauka a kan sakatar alminiyam ya bar tabo mai toka-toka da ya ci cikin ƙarfen, matashin kuma, da ya cire safar hannu don ya matse tsumma, ya ji yatsunsa suna santsi sannan suka fara raɗaɗi. Aka sa ya tara hannun a ƙarƙashin famfo na tsawon lokaci. Aka wanke wurin gwajin da ruwa sau uku, aka bi da ruwan lemon tsami da aka sirka domin a kashe ƙarfin sodar. Mai gidan ya ce kada garin neman gira a rasa ido, katakon ake son a tsira da shi.

15 zuwa 18 ga Janairu: kananzir a ƙarƙashin leda

Kafintan ne ya kawo maganar kananzir, ya kuma nace cewa a saye shi a gidan mai, ba a bakin titi ba, saboda wanda aka gauraya da fetur ya sha yin ɓarna a gidaje. Aka fara da gefen dama. Da tsumma ɗaya da aka jiƙa, layukan giris da baƙin mai suka narke suka biyo tsumman, cikin rabin awa shuɗin fentin ya fito tas, bai ko dusashe ba. Aka koma gefen hagu da wannan tsumman da wannan ƙarfin gwiwar, aka goga aka goga, saman ya ɗan yi laushi, shi ke nan.

Sai kafintan ya canza salo. Ya sa aka yayyaga tsohon zanen gado aka yi tsummoki masu faɗin katakon, aka jiƙa su da kananzir aka matse har ba sa ɗiga, aka shimfiɗa su a jikin firam ɗin, aka rufe da leda aka ɗaure da igiyar roba, aka shimfiɗa yashi a ƙasa domin abin da zai zubo. Aka bar shi minti 45 ƙofa a buɗe. Da aka kwance, hawan sama da na tsakiya sun kumbura sun yi laushi kamar tuwon da ya kwana aka ɗumama. Maimakon wuƙa, ya yanko guntun roba mai kauri daga jikin tsohuwar jarka, ya gyara bakinsa, aka riƙa kankarewa daga sama zuwa ƙasa, ana bin tsawon katakon, ana goge abin da ya fito a jikin takardar buhun siminti. Robar tana ɗebe maiƙon ba ta yankar katakon. A lungunan da kafintan farko ya yi wa ado kuwa, da tsinken tsire da tsohon buroshin haƙori aka bi.

An maimaita wannan sau biyu a gefen hagu, sau huɗu a katakon sama, cikin kwana huɗu, ana yin ƙafa biyu-biyu a lokaci guda don kada wani wurin ya bushe kafin a iso shi. Kananzir lita ɗaya da rabi aka ƙarar. Kowace yamma ana kwashe tsummokin a baza su a fili a bayan gida, ba a tara su a dunƙule cikin shagon ba. Abin da aka kankaro ya kusa cika gwangwanin fenti na lita ɗaya. Duk da haka hawan ƙasa ya rage, siriri mai launin ruwan zuma, mai tauri kamar busasshen fenti, kuma jiƙo na biyar da aka gwada a kansa, na awa ɗaya da rabi, bai ƙara komai ba.

20 zuwa 24 ga Janairu: kanwa da farar ƙasa

Ƙanwar mai gidan ta dawo da wata shawarar, cewa tunda soda ta yi ƙarfi, a gwada kanwa. Aka daka ungurnu, aka jiƙa cikin gwangwanin madara ɗaya a lita 4 ta ruwan zafi, aka tace, aka ƙara omo kaɗan. Ana shafawa da zafinsa, a bar shi minti goma ana ƙara jiƙawa don kada ya bushe, sannan a dirza da soso mai laushi a ɗauraye. A zagaye na farko ruwan ya fito rawaya, a na uku hawan ƙasan ya tafi a yawancin wurare. Tsohon fentin ya rasa ƙyallinsa, a katakon sama ma ya bi maiƙon ya tafi, amma katakon bai yi baƙi kamar yadda ya yi da soda ba. Wankin kanwar ya kuma ɗauke maiƙon da kananzir ɗin kansa ya bari.

Mai fentin ya so ya bi duka da sanfefa a bushe, mai gidan ya ce a jiƙa tukuna. Tsofaffin fentin mai da yawa suna ɗauke da dalma, kuma tun bayan abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda ƙurar dalma daga aikin zinariya ta kashe yara fiye da 400, dattijon ba ya son ganin ƙura irin wannan a gidan da jikokinsa ke rarrafe. Aka goga a jiƙe, aka share da tsumma.

Domin a tabbatar, aka riƙa yayyafa ruwa a jikin katakon: inda ya bazu ya kwanta, wurin ya tsabtata, inda ya dunƙule ya yi ƙwayoyi, da sauran mai. Ko'ina ya kwanta sai kusurwar hagu ta sama, inda fentin ya tsage tun da daɗewa mai ya shiga cikin naman katakon, inda kuma fetur ya ƙara tura narkakken maiƙo cikin tsaga. A nan aka dawo da tinar da aka ajiye, tunda babu sauran fentin da za ta lalata. Aka kwaɓa ta da garin farar ƙasa ya yi kauri kamar ƙullun ƙosai, aka laƙa kaurin yatsa, aka rufe da leda awa ɗaya, aka buɗe aka bari ya bushe. Farin garin ya koma rawaya, alamar ya tsotso man. An yi haka sau uku, na ukun ya fito da ɗan launi kaɗan, aka ce ya isa domin lokaci ya matso.

27 ga Janairu zuwa 1 ga Fabrairu: fenti

Aka bar firam ɗin kwana uku ya sha iska, kuma busasshiyar iskar Janairu ta taimaka ƙwarai. Ranar Litinin, 27 ga wata, aka shafa fentin shimfiɗa, wato na farko da ake sawa kafin ainihin fentin, washegari ya bushe ƙam. Aka bi da farin fentin mai hawa biyu, tsakaninsu kwana ɗaya. Ranar Asabar, 1 ga Fabrairu, telan ya goga ƙyallen farin yadi daga sama zuwa ƙasa ta kowane gefe, ya duba, ya karɓi makulli.

Abin da ya sa wasu suka ci, wasu suka kasa

Babban kuskuren da ya cinye kwana goma na farko shi ne ɗaukar baƙin jikin firam ɗin a matsayin abu ɗaya, alhali iri biyu ne. Giris da baƙin mai daga man ƙasa suke, irin su ɗaya da kananzir, kuma ko sun shekara ba sa sauya asalinsu sosai, ƙura ce kawai ke sa su kauri. Shi ya sa tsumma ɗaya ta ishe su, kuma da kanwa ko soda aka sa musu da ba su yi wani tasiri ba, domin man ƙasa ba ya zama sabulu. Man gyaɗa da man waken suya kuwa, idan suka kwanta siriri a wuri mai zafi iska tana bugunsu, iskar tana sa ƙwayoyinsu su sarƙe da juna, su tashi daga ruwa zuwa danƙo, daga danƙo zuwa roba, daga roba zuwa ɓawo. Ta wannan hanyar ce fentin mai ma yake bushewa. Ke nan hawan ƙasan da ya shekara 11 ya riga ya zama ɗan'uwan fentin da ke ƙarƙashinsa, kuma duk abin da ke da ƙarfin narkar da ɗaya cikin minti biyu zai narkar da ɗayan. Tina da soda ba su kasa ba, bambancewa ce ba za su iya ba.

Fetur da kananzir kusan aiki ɗaya suke yi wa maiƙo, bambancinsu a lokaci yake. Maiƙon da ya zama roba ba ya narkewa da shafa, sai ruwan ya zauna a kansa ya ratsa shi ya kumbura shi, fetur kuwa ba ya zama. A ganina ledar ce ta yi rabin aikin, domin kananzir ɗin da aka goga da tsumma a buɗe bai fi fetur ɗin amfani ba. Kanwa kuma dangin soda ce amma mai sauƙi, tana mai da ragowar man girki sabulu a hankali, ta yadda mutum zai iya tsayawa kafin ta ci katakon. Da an fara da ita kan hawa uku masu kaurin milimita 2, da an yi ta wanki ba a kai ƙasa ba, don haka jerin da aka bi a ƙarshe, kananzir sannan kanwa, shi ne daidai, ko da yake da lalube aka iso gare shi.

Akwai kuma sa'ar lokaci. Tururin kananzir yana fara kama wuta ne daga wajen digiri 38 na zafi, Janairun Kano kuma ba ya kaiwa can, amma a watan Afrilu zafin rana yakan haura digiri 40. Wanda zai naɗe ƙofa da tsummokin kananzir a bazara yana cikin haɗarin da waɗannan ba su shiga ba, sai ya yi aikinsa da sanyin safiya, wuta kuma ta yi nisa.

Gaggawar da aka yi a kusurwar hagu ita ce ta dawo. A tsakiyar watan Afrilu, da zafi ya tsananta, wani tabo rawaya mai faɗin kwabo ya bayyana ta cikin farin fentin a daidai haɗin katakon, zuwa watan Yuni ya kai faɗin tafin hannun yaro, sannan ya tsaya. Ba ya danƙo, kuma yana can sama da inda tufafi ke gogawa, don haka telan bai yi ƙorafi ba. Kamata ya yi a ci gaba da laƙa farar ƙasar har ta fito fara, sannan a toshe wurin da fentin shimfiɗa mai garin alminiyam, wanda ke hana mai ratsowa. Kafintan ya ce idan hunturu ya dawo zai kankare wannan kusurwar kaɗai ya sake yi mata, mai gidan kuma ya sa an ajiye ragowar farar ƙasar a cikin tukunya a zaure.